Ranar da Na Kai Mayafin Ba'indiya Bugu

A shekarar da sojoji suka sa mutane bin layi a tasha da asibiti, ana sa wanda aka kama yana fitsari a bakin hanya tsallen kwaɗo, a shekarar ne abin nan ya same ni. Ba zan iya cewa shekara kaza ce ba, don a lokacin ban san boko ba. Sai da furfura ta fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci na koyi riƙe biro. Amma na san an rufe iyaka a shekarar, alharinin da ake kawo mana daga Maraɗi ya yanke, kuma na san an gama girbin gero, dawa tana tsaye a gona. Tsoro ya yi yawa a gari. In motar sojoji mai ruwan ganye ta tsaya a bakin kasuwar Dutsin-Ma, har masu tallar ƙosai sai su rage murya.

Abin da ya tayar mini da maganar, kwanan baya aka aurar da ɗiyar ƙanena. A ɗaya daga cikin ranakun bikin ta sa jajayen kaya irin na Indiya, waɗanda yanzu ake zaɓa a waya a aiko da su cikin leda. Duwatsun jikinsu da gam aka manna su. Kafin la'asar sun fara zubewa a tsakar gida, mata suna dariya suna cewa amarya tana ɓarin arziki. Ni kuwa da na ga abin yana ƙyalli a ƙasa, sai na nemi bango na jingina. Shekaru da yawa sun wuce, ashe abin yana nan inda na bar shi.

Gidanmu gidan ɗinkin hannu ne. Mahaifina, wanda kowa ke kira Malam, shi ne mai zana aska biyu da aska takwas a manyan riguna, ya kuma ɗinka su da zaren tsamiya ko alharini. Daga Kuki, daga Kutawa, har daga Katsina ana kawo masa aiki. Zaurenmu ba ya shiru. Da hantsi za ka ji ƙarar zare yana bin shadda, wani irin sauti siriri kamar numfashin mai barci, ka ji ana cizon zare da haƙori, ka ji Baba yana gyaran murya in ya ga wani ya fara gaggawa. Riga ɗaya takan ci wata huɗu, mai ita ba ya damuwa, sai ya riƙa leƙowa ranar Juma'a ya ga inda aka kai, ya sha ruwa ya tafi. Yanzu inji ne ke zuba aska takwas cikin wuni guda, mai riga yana tsaye yana duba agogo. Ba na zagin inji, ya rufa wa talaka asiri. Amma in ka juya bayan ɗinkinsa za ka ga zare ya cukurkuɗe kamar sheƙar ɓera, alhali Baba yakan ce mutuncin riga a bayanta yake, inda ba a gani.

Akwai doka ɗaya a gidanmu wadda na taso ina ji tun ban iya sa zare a allura ba. Riga ba ta fita daga zauren nan sai ta sha bugu. In an gama ɗinki sai a kai ta wurin masu bugu, su fesa mata ruwa, su ninke ta a kan gungumen itace, su yi ta dukanta da sanduna masu nauyi har zaren ya kwanta, sabo da tsoho su zama ɗaya, shadda ta ɗauki sheƙi kamar an shafa mata mai. Baba yakan ce, "Allura haɗa su kawai take yi, bugu ne ke ɗaura wa zare da yadi aure." Mai wa gidanmu bugu taubashina ne Idi, ɗan goggota, rumfarsa tana Kurfi a bayan kasuwa. A shekarar da nake magana idon Baba ya riga ya mutu, sai dai ya bambance rana da inuwa. Aikin ya dawo hannuna, ina da mata da ɗiya ɗaya, amma har lokacin da sunan Malam ake kawo kaya. Shi yana zaune a kan buzunsa a bakin zaure, kowace riga sai ta bi ta yatsunsa kafin ta fita.

Wata Talata da hantsi sai ga Rifkatu. Ita Kirista ce daga kudancin Zariya, tana buga tafireta a babbar makarantar da ke bayan gari, kuma a layinmu take haya. Mace ce mai baki, kowa tana wasa da shi. Ta durƙusa ta gaida Baba, sannan ta juyo kaina.

"Ɗan Malam, yau arzikinka ya tashi. Wanke hannun nan naka mai warin daddawa, Madam tana kira."

A lokacin akwai malamai Indiyawa da yawa a makarantun ƙasar nan. Madam matar ɗaya daga cikinsu ce, mai koyar da lissafi. Na sha ganinta a kasuwa tana taya kuɓewa da Hausarta guntu-guntu. Da muka isa gidansu a kwatas ɗin malamai, sai ta shimfiɗa farin zane a kan tebur, ta buɗe wata akwatin ƙarfe, ta fito da wani abu a naɗe, ta riƙe shi da hannu biyu kamar mai ɗauke da jariri. Da ta warware shi, sai na manta da gaisuwar da nake cikin yi.

Mayafi ne ja na alharini, faɗinsa ya kai a rufe gado. Gefensa duka, faɗin taƙi guda, aikin hannu ne wanda ban taɓa ganin irinsa ba. Ba zare ba ne kamar namu. Waya ce ta zinariya, siririya, an naɗe ta kamar an naɗe gashi a jikin allura aka zare allurar, ta zama bututu, sannan aka yayyanka ta gajeru aka bi cikinta da zare. Da ita aka yi furanni da ganyaye da ɗawisu masu buɗaɗɗen wutsiya. A idon kowane gashin ɗawisu akwai ɗan madubi bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, an kewaye shi da ɗinki ya riƙe shi. Tsakaninsu kuma fararen duwatsu ƙanana kamar ƙwayar gero. Da ta ɗaga shi, haske ya watsu a silin kamar an girgiza ruwa a kwano.

Rifkatu ta riƙa juya mini maganarta. Mayafin aure ne. Uwarta ta rufa da shi ranar aurenta, ita ma ta rufa da shi, yanzu kuma babbar ɗiyarta da ke can ƙasarsu za ta yi aure, saura kwana ashirin da biyar su tashi. A can, in ji ta, maza huɗu ne suke ɗaure yadin a jikin katako kamar gado, su zauna kewaye da shi wata shida, ba wanda ke ɗaga kai. Sai ta nuna mini kusurwa ɗaya. Gara ta shiga akwatin da damina, ta ci wuri kamar tafin hannu, rabin wutsiyar ɗawisu ɗaya ta tafi. Ta kai wa teloli biyu sun ƙi taɓawa.

"Ta ce kada ruwa ya taɓa shi, kada dutsen guga ya taɓa shi," in ji Rifkatu. "Ka ji ko? Ni na ce mata gidan Malam ba a taɓa jin kansu da kowa ba. In ka kunyata ni, wallahi sai na aske maka gemun nan mai gashi bakwai."

Na yi dariya na karɓa. Da ma na ce ba zan iya ba.

Da na kawo shi gida, Baba ya sa na ɗora masa a cinya. Ya daɗe yana bin sa da yatsa, a hankali, yana tsayawa a kan kowane madubi. Can ya ce, "Magaji, masu wanga aiki ba su san sauri ba. Ka yi alwala kafin ka taɓa shi. Amana ce, kuma da sunana aka ba ka."

Kwana goma sha bakwai na yi a kan tafin hannu ɗaya. Irin wayar tasu ba ta a ƙasar nan, iyaka kuma a rufe, don haka na tono ragowar alharini ruwan ƙwai da Baba ya ɓoye tun da daɗewa, na haɗa da tsamiya. Na sa jan ƙyalle a baya na toshe ramin, sannan na yi ta kallon ɗawisun da ke kusa ina kwaikwayon gashinsa ɗaya bayan ɗaya. Wani gashin sai na ɗinka sau uku na warware. Na ajiye rigunan mutane gefe, ba na zuwa hira, idona yana ruwa. A cikin kwanakin nan na fara jin kamar na san mutanen da suka yi aikin. Na gane inda hannun wani ya tsaya na wani ya ɗauka, don ɗaya yana matse ɗinkinsa, ɗaya yana sakinsa kaɗan. Na gane akwai bahago a cikinsu. Ban taɓa jin daɗin aiki kamar wannan ba, kuma ina ganin daɗin ne ya rufe mini ido.

Ranar da na gama, na fita da shi rana na duba. Siffa ta fito daidai, ba mai cewa ga inda gara ta ci. Amma zarena ya tashi tsaye, ya yi gashi-gashi, ba ya sheƙi, nasu kuwa yana kwance yana walƙiya. Kamar baƙo ne a cikin dangi. Ban yi wani dogon tunani ba, don a wurina babu abin tunani. Kowane sabon ɗinki haka yake kafin ya sha bugu. An ce kada ruwa, an ce kada guga, to zan ce wa Idi ya buga shi a bushe. Ban gaya wa Baba ba, don ina so in ɗora masa shi a cinya gamamme, in ji abin da zai ce. Washegari ranar kasuwar Kurfi ce. Na naɗe mayafin a tsakiyar riguna uku, na hau a-kori-kura.

Tun daga nesa ake jin rumfar Idi. Mutum biyu suna zaune fuska da fuska, gungume a tsakaninsu, sanda tana sauka wata tana tashi, kak-kak, kak-kak, kamar mata biyu a turmi ɗaya. Yana ganina ya fara.

"A'a, ga angon allura! Halan an kore ka daga Dutsin-Ma? Kwana biyu ba mu ga ƙeyarka ba."

"Ina can ina aikin masu hankali, na bar wa masu ƙarfi duka."

Da na warware mayafin sai dariyarsa ta tsaya. Ya goge hannu a wando, ya taɓa gefen da ɗan yatsa.

"Kai, mi ne ne wanga? Wannan ba na bugu ba ne."

"Tsoro kake ji? Juya shi za mu yi ta baya, mu ninke shi cikin zane. A bushe, sama-sama, don zarena ya kwanta."

"Akwai gilashi a jiki, taubashi."

"An ɗinke shi ciki, ina zai je? Ko dai hannunka ne bai san sannu ba, sai dukan jaki?"

Abokin aikinsa ya yi dariya, Idi ya ji haushi. Ya ce to, ai kayanka ne. Ni da hannuna na ninke shi, na sa kusurwar da na gyara a sama, na rufe da tsohon zane, na ɗora a kan gungume. Ban lura ba cewa ninkin ya tara gefunan nan huɗu wuri ɗaya, madubi a kan madubi.

Suka fara. Kak-kak, kak-kak. Ina tsaye ina murmushi. Ba su yi nisa ba na fara jin wani sauti a ƙarƙashin na sandunan, ƙurus-ƙurus, kamar ana tauna tuwo mai tsakuwa. Na ji shi sarai, amma ban tsayar da su ba. Suka juya ninkin suka ci gaba. Sai da Idi ya kai hannu zai gyara zanen, ya janye da sauri yana yarfe yatsa. Jini ne. Ya dube ni, na dube shi. Kasuwa tana ta hayaniya a bayanmu, amma ni ban ƙara jin komai ba.

Da muka buɗe, garin gilashi ya zubo a kan tabarma yana ƙyalli. Bututun zinariyar nan sun baje kamar an taka kara, wasu sun fashe sun miƙe kamar ƙaya. Fararen duwatsun sun zama gari. Gutsattsarin madubi sun yanka alharinin a kan kowane ninki, in ka ɗaga shi sai ka hango rana ta cikinsa wuri-wuri. Gefe uku sun tafi, na huɗun ma rabi ne. Wuri ɗaya ne ya fito lafiya. Tafin hannun da na ɗinka ya kwanta luf, yana sheƙi kamar zuma.

"Innalillahi," in ji Idi. "Na wa ne?"

"Na matar malamin gwamnati."

Abokin aikinsa ya tashi a hankali ya ɗauki takalmansa ya fita.

Ban san yadda na hau mota ba. A hanya muka tarar da shingen sojoji, aka ce kowa ya sauko da kayansa. Wani soja ya zunguri ƙunshina da bakin bindiga ya ce mene ne a ciki. Na ce riguna ne, ranka ya daɗe. Ya buɗe ta sama ya ga shadda, ya ce in wuce. Gumi ya jiƙe mini riga har ƙugu. A raina na riga na ga komai: an zo an kama ni a gaban zaure, an aske mini kai, an ɗora mini mayafin a ka ana zagaya kasuwa da ni, Baba yana zaune yana tambayar mutane me ke faruwa. A wancan zamanin ana ɗaure mutum a kan abin da bai kai wannan ba, kuma ba mai zuwa ya tambaya.

Kwana biyu na ɓoye shi a cikin rumbu, a ƙarƙashin damman gero. Na yi tunanin gudu, amma iyaka a rufe take. Na yi tunanin in ce ɓarayi sun tare mu a hanyar Kurfi. Na yi tunanin in ɗaura masa dutse in jefa a dam. Duk motar da ta rage gudu a layinmu sai in leƙa ta ƙofar zaure. Rifkatu ta leƙo da safe za ta aiki, ta ce, "Ɗan Malam, saura kwana biyar fa, Madam har ta fara ɗaure akwati." Na ce saura kaɗan. Na zauna a zaure na ɗauki wata riga ina soka allura ina zarewa ba zare, don Baba ya ji motsi.

A rana ta uku da hantsi ya ce, "Magaji, allurarka ba ta jan komai tun shekaranjiya. Kawo mini mayafin mutane."

Na kawo. Na durƙusa na ɗora masa a cinya. Ya sa yatsa a gefen, ya bi kaɗan, ya tsaya. Na ga jini ya fito a kan yatsansa, bai janye ba, ya ci gaba da bi har ya zagaye gefe huɗun. Da ya iso kan aikina ya daɗe a wurin.

"Bugu ka kai shi."

"E, Baba."

"Idi bai hana ka ba?"

"Ya hana ni."

Sai Baba ya ce a ɗauko masa babbar rigarsa ta Sallah, wadda ubansa ya ɗinka masa, da sandarsa. Na ce ko mu bari sai rana ta yi sanyi, mu bi ta bayan gari. Ya ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta kasuwa za mu bi."

Haka muka ratsa gari, ina riƙe da ƙunshin a hannu ɗaya, hannun Baba yana kafaɗata. Mutane suna gaishe shi yana amsawa ɗaya bayan ɗaya kamar ba komai. Muka biya ofis aka kira Rifkatu. Da ta leƙa cikin ƙunshin sai ta dafe kai ta ce, "Yesu! Kun kashe ni." Ba ta sake yi mini wasa ba daga ranar.

Madam ta fito da fara'a, har ta ce wa Baba, "Sannu, Baba, sannu." Ni na shimfiɗa mayafin a kan tebur, don Baba ya ce wanda ya yi shi zai buɗe. Ba ta yi kuka ba. Ta tsaya tana kallo, sannan ta zauna a ƙasa a kan siminti, ta jawo gefen tana tsintar gutsattsarin madubi tana tarawa a tafin hannu. Mijinta ya fito daga ɗaki, ya cire tabarau ya mayar, ya fara faɗa da Turanci, jijiyar wuyansa ta tashi. Ban ji komai ba sai kalma ɗaya da yake ta maimaitawa, folis, folis. Ya ɗauki makullin babur ɗinsa. Na durƙusa.

Baba ya ce wa Rifkatu, "Ɗiyata, gaya masu da sunana aka karɓi kayan nan. In za a tafi da wani, ga ni."

Madam ta ɗago ta yi tambaya. Rifkatu ta ce, "Tana tambaya don me aka dake shi."

Baba ya ce, "Gaya mata haka muke gama duk abin da muka girmama. Wannan ta jikina ma ta sha."

Sai Madam ta tashi ta zo gaban Baba. Ta kama gefen rigarsa, ta juya ta ta baya, ta duba ɗinkin kamar yadda mu muke dubawa. Ta daɗe. Sannan ta ɗaga kai ta dubi idanunsa da suka yi fari. Ta yi magana a hankali, Rifkatu tana juyawa tana share hawaye. Ta ce kakanta yana cikin mutum huɗun da suka yi mayafin, ya yi wa ɗiyarsa, kuma shi ma da farin ido ya mutu. Ta juya ta yi wa mijinta magana da yarensu, gajeriya. Ya jefar da makullin a kan kujera ya shige ɗaki ya buga ƙofa.

"Ta ce folis ba su iya ɗinki ba," in ji Rifkatu.

Na fara godiya, sai Madam ta ɗaga hannu. Ta shiga ciki ta fito da ɗan almakashi ta ajiye a gabana, ta nuna kusurwar da na gyara.

"Ta ce naka ya yi kyau. Ta ce ka cire shi ka tafi da abinka."

A barandarta na zauna na warware aikin kwana goma sha bakwai, zare ɗaya bayan ɗaya, daga azahar har rana ta yi ja. An kawo wa Baba kujera ya ƙi zama, ya tsaya dogare da sandarsa har na gama. Ramin gara ya dawo yadda yake. Ta ninke mayafin ta rungume shi ta shiga ciki, ba ta waiwayo ba. A hanyar gida Baba bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Sai da muka kusa zaure ya ce, "Na koya maka doka, ban koya maka inda take tsayawa ba." Ya cire rigar ya ba ni in ninke, bai sake sa ta ba.

Ba a kama ni ba, amma labari ya riga mu isa gida. Kafin sati biyu masu riguna suka fara zuwa da sallama mai laushi, wannan ya ce tafiya ta taso masa, wancan ya ce ya canza shawara, kowa ya karɓi shaddarsa da ɗinki rabi. Baba ya sa aka mayar da buzunsa cikin gida. Ni kuma duk lokacin da na ɗauki allura a kan kayan wani sai in ji ƙurus-ƙurus a kunnena. Na daure shekara ɗaya, na kasa. Na koma noma a gonar kakanninmu ta Kutawa, kuma alhamdu lillahi ban kwana da yunwa ba. Indiyawan sun tafi bikin, suka dawo, ba su daɗe ba suka tafi gaba ɗaya, kamar yadda sauran 'yan uwansu suka yi ta tafiya a shekarun. Sau biyu na haɗu da Madam a kasuwa kafin nan, ta bi ta gefena kamar ba kowa a wurin. Ban taɓa sanin da me ɗiyarta ta rufe kai ba.

Ga abin da ya tafi, yadda na iya ƙirgawa. Mayafi ɗaya, wanda amare biyu suka rufa da shi, ta ukun ba ta samu ba. Wata shida na mutum huɗu, ɗaya bahago, ɗaya kakan Madam. Ɗawisu goma sha shida, saura uku. Riguna tara da aka karɓe daga zaurenmu ba a gama ba. Wasan Rifkatu. Zumuncina da Idi, wanda muka koma gaisuwa kawai har ya rasu. Da Baba, wanda ya yi damina biyu a cikin gida kafin ya rasu, ba wanda ya sake ɗora masa riga a cinya.